Mai Sauraro Ɗaya

"Ana ji na kuwa?"

Ta matso da bakinta kusa da kwamfutar ta sake tambaya. Muryarta ta bugi bangon zauren ta dawo mata. Kujerun roba na can gefe an ɗora wata kan wata tun ranar da aka sa dokar kulle, fanka ɗaya tak ke juyawa a sama.

A wannan zauren ta yi shekaru tana aikin wayar da kan jama'a. Kowace Laraba yakan cika har bakin ƙofa da 'yan kasuwa da direbobi da 'yan fansho masu neman abokin gardama. Ta koya musu yadda ake rajistar zaɓe, da inda ake kai kuka idan famfo ya ƙafe, da abin da ɗan sanda yake da ikon yi da wanda ba shi da shi. Matan kasuwa ne suka laƙaba mata Anti Sashe, don ba ta iya jera magana uku ba ta ce "sashe na kaza ya ce" ba. Har ɗan cikinta, in yana jin tsokana, haka yake kiranta.

Da annoba ta zo, ofis ya mayar da taron kan intanet. Makon farko an taru kamar abin arziki, kowa na magana lokaci guda, ana jiyo kukan yara da ƙarar kwanuka. Wani direba ya manta bai kashe makirufo ba, kowa ya sha zagin da yake surfa wa ƙaninsa. Daga nan aka fara zarewa. Wannan ya ce ba data, wancan ya ce ba wuta, wani kuma a daina ganinsa kawai, sai daga baya a ji labari. Yanzu mutum ɗaya ne ya rage, wani ɗan baƙin akwati a kusurwar allo, ba hoto, ba suna, sai sunan ƙirar wayar. Yakan riga ta shigowa, ba ya fita sai ta rufe. Bai taɓa cewa uffan ba.

Da safiyar nan Daraktan ofishinsu ya kira ta.

"Anti, yau dai ki yi na ƙarshe. Za mu naɗi bidiyo mu ɗora, mai so ya kalla."

"Ranka ya daɗe, ai akwai mai zuwa."

"Mutum ɗaya? Kin tabbata ma mutum ne? Kar ki je yaro ne ya danna wayar uwarsa ya jefar ƙarƙashin gado, kina ta karanta wa takalma tsarin mulki." Ya yi dariya, da ya ji ba ta taya shi ba ya sassauta murya. "Ki zauna gida ki huta mana. Me ma ke kai ki zauren nan?"

Ta ce masa sabis ya fi ƙarfi a can. Ba ta gaya masa cewa gidan ne ba ya zaunuwa ba. Maigidanta ya kai ɗansu ganin kakarsa a wani gari, aka rufe hanyoyi suna can. Tun daga lokacin take dafa abincin mutum ɗaya, ta ci a tsaye a kicin, ta wanke cokali ɗaya. Sukan yi waya, amma hirar ta ƙare tuni, sai "ya jiki" da "ya zaman gida".

Darasin yau a kan haƙƙin neman bayani ne. Ta gyara zama ta fara, kamar zauren cike yake. Duk ɗan ƙasa, in ji ta, yana da ikon ya tambayi hukuma abin da ya shafe shi, kuma wajibi ne a ba shi amsa. Ta kawo sashen, ta kawo misali da kwangilar titi. Ta iso wurin da ta saba sako barkwanci, ta sako shi, ta ɗan dakata don a yi dariya. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Sai ta ji ba za ta iya ci gaba ba. Ta rufe littafin dokar, ta dubi baƙin akwatin.

"Bawan Allah, ko baiwar Allah, ban san wa nake wa magana ba. Yau ne taronmu na ƙarshe, ofis ya ce a tsaya. Na gode da zuwa da kake yi. In ma ba kowa a nan, to shi ke nan."

Ta kai hannu za ta rufe, sai aka ji ƙus-ƙus, kamar ana laluben waya.

"Anti? Kina ji na? Ban san wurin da ake dannawa ba ne."

Muryar mace ce, babba, a dishe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Ina jin ki, Mama! Ina jin ki sarai."

"Ni ce matar tela. Dogon nan mai zama gaba, mai yawan tambaya. Shi ya saka min abin nan a waya."

Anti Sashe ta gane shi nan take. Tsohon da kan zo da tef ɗin awo a wuya, ya ɗaga hannu tun ba ta gama sallama ba. Ya taɓa tsare ta a kan fitilun titi har aka tashi ba su gama ba.

"Af, Baba Tela! Ina ya shige? Ki ce masa na yi cigiya, zauren ba daɗi in babu rigimarsa."



"Ya rasu, Anti. Tun watan jiya. A wurin da ake killace mutane."

Anti Sashe ta dafe teburin. Ta yi mata ta'aziyya, kalmomin na fita da kansu.

"Ni fa ba duka nake ganewa ba, abin da kike faɗa," in ji matar. "Kar ki ji haushi. Shi ne mai ganewa. In Laraba ta yi nakan kunna in ajiye a kan keken ɗinkinsa, in ji ana magana a ɗakin. 'Ya'yan duk suna nesa. Maƙwabta kuma tun da aka ɗauke shi, sai dai su ajiye min abu a bakin ƙofa su ƙwanƙwasa su gudu. Ban ga laifinsu ba."

"Allah sarki, Mama."

"To amma yau na ji kin ce mutum yana da ikon ya tambaya. Shi ne na ce bari in tambaya kafin ki rufe." Ta ja numfashi. "A ina ake tambayar inda aka binne mutum?"

Ta ba da labarin a hankali. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi yana tari, yana ce mata ta rufe masa keken da zane kar ya yi ƙura. Ita aka ce ta kulle kanta a gida. Bayan kwanaki aka kira ta, wata murya ta ce a yi haƙuri, kuma ma'aikata sun riga sun yi abin da ya kamata. Da ta sake kiran lambar, ba a ɗauka ba.

Anti Sashe ta buɗe baki ta ji sashen ya zo mata har kan harshe. Ta haɗiye shi. Ta san dokar da ta ba matar ikon tambaya, amma ba ta san ƙofar da ake bugawa ba.

"Ban sani ba, Mama. Amma ki faɗa min cikakken sunansa da lambarki. Kar ki yi nisa da wayar."

Ta fara da ofishin lafiya, aka ce ta kira cibiyar killacewa. A cibiyar wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, ta sake, har wata nas ta ɗauka da muryar gajiya, ta ce su masu rai suke fama da su, a nemi masu kula da gawa. Lambar da ta bayar a kashe take. Anti Sashe ta zagaya zauren da waya a kunne, tana jin ƙarar takalminta. A ƙarshe ta kira Darakta.

"Ashe dai mutum ne," ya ce bayan ya saurara. Bai yi dariya ba. "Akwai wani abokin karatuna a kwamitin annoba. Ba ni minti kaɗan."

Rana ta karkata kafin saƙon Darakta ya shigo. Sabuwar maƙabarta ce ta bayan gari, ɓangaren da aka ware, an kuma turo lambar da ke kan kabarin.

Ta ɗauki waya za ta karanta wa matar lambar, sai ta tsaya. Me tsohuwa a kulle cikin ɗaki za ta yi da lamba? Ta ɗaura takunkumi, ta rataya katin aikinta, ta ja ƙofar zauren.

Titunan fayau suke. Shaguna a garƙame, tashar mota ba kowa sai karnuka kwance a inuwar rumfa. A shingen bakin gada wani ɗan sanda ya ɗaga mata hannu, ya leƙo daga nesa ya dubi katin.

"Wayar da kai? Wa za ki wayar wa kai a hanyar nan, Hajiya? Ba kowa gaba sai waɗanda suka riga mu."

"Wurinsu za ni."

Ya dube ta, ya janye ƙarfen shingen.

Mai gadin maƙabartar ya nuna mata ɓangaren da sanda, bai biyo ta ba. Fili ne da aka share kwanan nan, ba ciyawa, ƙasar ja ce. Kaburburan a jere, kowanne da ɗan katako a kansa mai lamba da farin fenti. Ba ta zaci sun kai haka yawa ba. Ta bi layin tana sunkuyawa tana dubawa, tana tunanin ko su wa ke nan cikin waɗanda suka daina shigowa taro. Ta sami kabarin telan kusa da ƙarshe.

Ta kira matar ta bidiyo. Sai da aka sha fama kafin ta gane wurin dannawa, sannan fuska ta bayyana, kusa ƙwarai da allo: goshi, da tabarau, da gefen ɗankwali. A bayanta ana hango keken ɗinki lulluɓe da zane.

"Ashe haka kike, Anti. Na zaci kin fi haka jiki."

"Zaman gida ne, Mama. Ga ni a wurin. Kin shirya?"

"Nuna min."

Ta juya kyamarar. Ta nuna tudun ƙasar daga kai zuwa ƙafa, ta nuna katakon, ta nuna katangar da ke bayansa da hanyar da ake shigowa, don in an buɗe gari matar ta gane wurin.  

"Sun yi masa daidai tsawonsa kuwa? Kin san shi dogo ne. Gado ma ƙafarsa waje take kwana."

Anti Sashe ta dubi kabarin, ta dubi na kusa da shi.

"Ya fi na gefensa tsawo, Mama. Sun auna."

"To madalla. Shi dai ba ya son aikin da ba awo."  Can ta ce, "Kina sauri ne?"

"Ba inda za ni."

"To ɗan riƙe min haka. Akwai maganar da ba mu gama ba."

Anti Sashe ta rage ƙarar wayar har ta daina jin kalmomin, sai amon muryar kawai, yana hawa yana sauka kamar na mai yi wa miji mitar gida. Ta miƙa hannun sosai wajen kabarin, ta kau da kai tana kallon katanga. Da hannun ya gaji, ta tallabe gwiwarsa da ɗayan, a hankali, don kar hoton ya girgiza.