Koriyar Jitar Elspeth

"Riƙe da kyau mana, Dougal! Katako ne, ba jariri ba."

Dougal Tosh ya ƙara danne gangar jitar a kan tebur da hannu bibbiyu, ya kau da fuska. Elspeth ta kafa bakin injin huda a kan ɗigon da ta yi da fensir, ta cije leɓe, ta matsa. Injin ya yi kuka, ya zame, ya ja doguwar ƙarzuwa a bayan katakon kafin ta ankara ta saki.

Suka tsaya suna kallon ɓarnar. Ƙurar katako na yawo a hasken tagar ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gidanta.

"To, shi ke nan," in ji Dougal. "Kin kashe ta tun ba a haife ta ba."

"Baya ne. Wa zai gani? Cikina zai rufe wurin." Ta hure ƙurar, tari ya sarƙe ta, ta dafa tebur har ya lafa. "Miƙo guduma. Wannan karon sai na fara yi wa bakin gurbi da ƙusa."

Fiye da shekara talatin ke nan shinge ɗaya ya raba gidajensu a wani layi da ke gangarawa tashar jiragen ruwa ta Arbroath. Elspeth Beattie bas ta tuƙa tsakanin garin da Dundee har ta yi ritaya, kuma muryar da take tsawata wa fasinjoji da ita ba ta ajiye ta tare da makullin motar ba. Shi Dougal kifi ya yi ta kyafawa har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Mijinta ya rasu, matarsa ta bi baya, aka bar su biyu suna faɗa a kan wanda ya kamata ya aske shingen.

Ranar da kwalin kayan jitar ya iso ba ta gida, sai mai kawo kaya ya ajiye shi wurin Dougal. Da yamma ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, rigar ruwanta na ɗiga.

"Daga asibiti nake. Sun ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yi nisa. Ina kwalina?"

Dougal ya ɗauko kwalin ya bi ta da shi. A teburin kicin ta farke shi. Ga ganga ta farin katako, ga dogon wuya, ga tsirkiyoyi a naɗe, ga wayoyi ja da baƙi, ga ƙusoshi a ƙananan ledoji, da takardar bayani mai zane-zane.

"Mene ne wannan kuma?"

"Jitar lantarki. Haɗawa ake yi."

"Kin iya kaɗawa ne?"

"A'a."

"Kin taɓa aikin katako?"

"Na taɓa kafa ƙusa na rataye agogo."

"Agogon da ya faɗo?"

"Bangon ne ba shi da kirki." Ta zauna, ta ɗora wuyan jitar a cinya tana shafawa. "Tun ina 'yar shekara goma sha shida nake son abin nan, Dougal. Babanmu ya ce ba a gidansa ba. Na yi aure, mijina Ewan ya ce kansa ba ya ɗaukar ƙara. Yanzu wa ya rage ya hana ni?"

"To ki sayi haɗaɗɗiya mana. Ga su nan rataye a shago a Dundee."

"In saya yau, gobe in zauna ina kallon bango ina jira? Abin da zai tashe ni da safe nake so. Gobe ƙarfe tara. Ka zo da tabaraunka."

Haka aka fara. Kullum da safe Dougal zai tsallaka ta ɓarakar shingen da kofin shayinsa, ya tarar ta jingine waya a jikin gwangwani tana kallon wani saurayi mai gemu yana nuna yadda ake yi. Takan tsayar da bidiyon ta ce, "Kai yaro, a hankali, ba gudu muke ba." Suka goge katakon da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun yaro. Suka ɗaura wuyan a karkace, suka kwance, suka sake ɗaurawa. Wata ƙaramar ƙusa ta faɗa tsakanin katakan daɓe, Dougal ya yi rarrafe yana nemanta yana zagin gwiwoyinsa, Elspeth kuwa na zaune a kan kujera tana nuna masa wurare da sanda.

Koren fenti ta zaɓa, kore shar irin na ɗanyen ganye. Suka rataye gangar da waya a rufin ɗakin, ta fesa fentin da kanta. Shafin farko ya zuba, ya yi hawaye a gefe. Suka jira ya bushe, suka goge, ta sake fesawa. Watan Mayu ya zo da yayyafi ba ƙaƙƙautawa, fenti ya ƙi shan iska. Dougal ya lura cewa tafiyar da take yi daga kicin zuwa ɗakin ajiya yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta riƙe sandar igiyar shanya. Sai ya kawo wata kujera ya ajiye a wurin, ta riƙa zama a kai.

Suna cikin fesa shafi na ƙarshe 'yarta Rhona ta iso daga Glasgow. Tun daga bakin shinge ta shaƙi warin, ta banko ƙofar ɗakin.

"Mama! Me kike yi a nan? Da wannan huhun?" Ta juya kan Dougal, idanunta sun kaɗa. "Kawu Dougal, kai da nake cewa kana lura da ita? Kai ne mai riƙe mata gwangwani?"

"Mun buɗe taga," in ji Dougal cikin sanyin murya.

"Kar ki taɓa shi," Elspeth ta ce, ta zare ƙyallen da ta ɗaure hanci da shi. "Ɗan aike ne kawai. Kuma rufe ƙofar nan, kina shigo min da ƙura."

A kicin aka yi ta. Rhona ta ce ta gyara ɗaki a gidanta, asibiti na kusa, jikoki na nan, ranar Lahadi za su tafi tare. Elspeth ta bar ta ta gama, ta kurɓi shayi, ta ajiye kofin.

"Rhona, na san tsoro kike ji. Ni ma nakan ji, da asuba musamman. Amma ba inda zan je. A gidan nan zan mutu, kuma ba zan mutu da jita rabi ba. In kina son taimaka min, ga kujera."

Rhona ta fita filin da ke bayan gidan tana kuka. Dougal ya bi ta, ya tsaya nesa kaɗan, hannuwa a aljihu.

"Likitan ya kira ni," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Makonni ne, Kawu. Ba watanni ba."

Washegari ya je wa Elspeth da dabara. Ya ce akwai wani mutum a Dundee mai gyaran kayan kiɗa, yini ɗaya zai haɗa sauran, ita sai dai ta kaɗa.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Rhona ta gaya maka, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ma an gaya min, ai jikina ne. Ba wani ƙato da zai taɓa min jita. Takardar ta ce a bar fenti ya yi wata guda kafin a goge. Mu ba mu da wata. Ciro ta."

Rhona ba ta koma Glasgow ba. Aka sauko da gado falo, kusa da taga, aka kawo tukunyar iska mai ɗan bututu da ake saƙala wa Elspeth a hanci. Aiki ya dawo kan teburin guga, wanda suka daidaita tsayinsa da gadon. Fentin bai gama ƙarfi ba, har babban yatsan Dougal ya bar shaida a gefe. Elspeth ta ce a bar shi, in 'yan sanda sun zo neman wanda ya yi aika-aikar ba za su sha wahala ba.

Ita ta ɗaura maɗauran tsirkiya shida na kan wuyan, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa tsakani. Amma da aka zo liƙa wayoyi da dalma, abin ya tsaya. Ƙarfen narka dalmar mai zafi ya suɓuce mata, ya kusa faɗawa a bargo. Dougal ya karɓa, ya kai fuska kusa har gashin girarsa ya yi ƙauri, amma bai iya bambance ƙananan ramukan ba. Elspeth ta koma kan matashi, ta rufe ido.

Rhona na tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye shi.

"Ku ba ni nan. Ku biyu za ku ƙona gidan."

Elspeth ta buɗe ido ɗaya. "Baƙar waya a bayan wancan zagayayyen. Ba nan ba, 'yar nan, ɗayan. Ki ɗumama ƙarfen tukuna, sannan dalma. Haka mai gemu ya ce."

"Na ji, Mama."

"Kin cika dalma."

"Mama, in kin ƙara magana zan liƙe miki baki da ita."

Dariya ta ƙwace wa Elspeth har ta koma tari, Dougal na bubbuga mata baya.

Ranar Asabar da rana suka ɗaura tsirkiyoyin. Dougal ya aro sifika daga zauren cocin unguwa, ya turo ta a baro. Suka jona, suka kunna. Wani gurnani ya cika falon kamar an tsokano gidan zuma, jitar kuwa ko uffan.

"Mun sha wahalar banza," in ji Dougal.

"Kai ka sha. Rhona, buɗe bayan."

Rhona ta kwance murfin, ta haska da fitilar wayar salula. Wata siririyar waya ce ta ɓalle, tana lilo. Ta sake liƙa ta, ta mayar da murfin. Da suka kunna, gurnanin ya ɗauke. Dougal ya taɓa tsirkiya ɗaya da farce, sai wata murya mai kauri ta fito daga sifikar, ta daɗe tana rawa a iska.

Suka tada Elspeth zaune, suka tokare ta da matasai, suka ɗora mata jitar a cinya. Ta yi mata nauyi. Ta kai yatsun hagu kan wuyan yadda ta gani a bidiyo, ta danna, amma ba ƙarfin da zai kai tsirkiya ga katako. Ta sake gwadawa. Sautin ya fito a dakushe.

"Dougal, zagayo nan. Ka danna min. Wannan, da wannan, da na ƙasa. Yatsun naka kamar tsiran alade, ka raba su mana."

Ya durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinsa na ƙara, ya danna inda ta nuna.

"Rhona, buɗe taga. Ki murɗa abin ƙara sautin nan har ƙarshe."

"Mama, mutane fa..."

"Har ƙarshe."

Ta ɗaga hannun dama, ta sauke shi a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya.

Kofuna suka yi rawa a kabad. Tsuntsayen teku da ke kan rufin suka tashi a tare suna ihu. Dougal ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Ta sake bugawa, ta sake, tana kaɗa kai, bututun iska na lilo a kumatunta, bakinta a buɗe kamar yarinyar da ta hau lilo. A ƙetaren titi wani ya leƙo ta taga ya ɗaga murya yana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau!" Elspeth ta mayar masa da ragowar numfashinta. "Ni na haɗa ta!"

Sai da hannunta ya ƙi ɗaguwa sannan ta bari. Ta kwanta tana haki, jitar a kan ƙirjinta.

"Ba daɗi," ta ce. "Ko kaɗan ba daɗi. Gobe mu koyi sauti na biyu."

Sun koyi na biyun, amma sau ɗaya ta buga shi. Daga nan barci ya fi yawa. Nas na zuwa safe da yamma. Dougal yakan zauna a gefen gadon ya karanta mata labaran gari daga jarida, in ya tsallake wani abu takan motsa yatsa ya koma. Jikoki suka zo suka tafi. Wata safiyar Alhamis yana tsaye a kicin ɗinsa yana jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ya ji ana taɓa ƙofar baya a hankali. Rhona ce, da rigar barci da takalman uwarta a ƙafa.

"Ta tafi, Kawu. Ɗazu. Ina riƙe da hannunta."

Ya kashe wutar, ya bi ta. Ya daɗe tsaye a gefen gadon. Fuskar Elspeth ta saki, ta yi ƙanƙanta. Ya gyara mata bargon da ba ya buƙatar gyara.

Da rana motar masu ɗaukar gawa ta zo ta tafi. Gidan ya cika da maƙwabta da faranti-faranti na abinci, Rhona na ta amsa waya. Dougal ya zame ya fita filin da ke bayan gidan. Wankin da aka shanya tun jiya na nan a kan igiya: zanen gado, tawul biyu, da shuɗiyar rigar sanyin Elspeth, iskar teku na cika hannayenta tana sakewa. Hadari na haɗuwa ta wajen tashar jiragen.

Ya ɗauko kwando. Ya cire zanen ya ninke, ya cire tawul. Rigar ba ta gama bushewa ba a wajen wuya, sai ya juya ta, ya mayar da maƙalan shanya, ya zauna a kan matakala yana jiran ta bushe.