Rumfar Shanun Injiniya

"Saniya mai asali ba ta san zafi ba," in ji Injiniya, ranar da ya sa aka sare bishiyar da ke tsakiyar garkensa. A gurbinta aka kafa rumfa mai rufin roba garai-garai, irin wadda ya gani a wata ƙasar sanyi da ya je kwas. Ya ce haske yana ƙara madara.

Matarsa ce ke tatsa, ita ke kai wa mai shagon yogot, don haka ita ta fara ganin bokiti ya koma rabi. Shanun sun daina taɓa dusa. Sai su tsaya baki buɗe, harshe waje, yawu na dalala. Mai yogot kuwa ya riga ya gaya mata, cikin ladabi, cewa in babu sabuwar haihuwa bana zai nemi wani garken. Duk fatanta ya koma kan Baƙa, saniyar da likitar dabbobi ta yi wa barbarar allura.

Ranar duba ciki, likita ta sa safar roba ta zura hannu har kafaɗa. Matar tana riƙe da igiya, idonta a kan fuskar likita, bakinta na motsi.

"Akwai?"

"Babu, yaya. Ya shiga, bai zauna ba."

"Don Allah ki ƙara lalubawa."

"In na ƙara, ta bakinta zan fito." Likita ta zare hannu, ta share gumi da gefen mayafi, ta juya ga Injiniya. "Ranka ya daɗe, wannan ai ba rumfa ba ce, tanda ce. A zafin nan saniya ba ta ci, nono ya janye, ciki ma ya ƙi zama. A cire rufin nan."

"Rufi ba shi da laifi," in ji shi daga bakin ƙofa, inda akwai 'yar inuwa. "Iska ce ta ƙi zagayawa yadda aka tsara mata."

"To a lallashe ta da fanka. In ba haka ba, kada a sake kirana."

"Fanka! Da ma abin da nake shirin faɗa ke nan."

Matar ta tambaya ko akwai sauran dama bana. Likita ta ce ɗaya, in jikin Baƙa ya huce.

Fanka biyu ce a gidan: ta ɗakin karatun Injiniya, da ta ɗakin matarsa. Ta ɗakin karatu ba ta taɓuwa, domin kwamfuta, kamar yadda ya bayyana, ba ta jure zafi.

Da azahar matar ta ɗauko tata, ta ja waya ta taga, ta saita ta daidai wuyan Baƙa. Ta koma ɗaki, ta jiƙa tawul ta ɗora a ƙeya. Ta zauna bakin gado, gumi na bin bayanta, ta kasa kunne ko za ta ji an fara taunar dusa.