Kuɗi a Akushin Tanna

Tun a bakin kasuwar Tawa aka gargaɗe ta, ta ƙi ji. Direban da ya ɗauko ta da kayanta, wani dogo mai suna Souleyman, ya kashe mota, ya juyo ya ce, "Madam, sabka ki yi cefane nan. Ki sai abin da za ya kai ki mako. Can inda za mu, ba Tawa ba ta."

Mardiya ta leƙa ta taga. Ga albasa buhu-buhu, ga tumatir jajir, ga kabeji, ga mangwaro, ga kantuna da firji cike da madara mai sanyi. Ta dubi ɗanta Faisal, ɗan shekara biyu, yana barci a cinyarta gumi ya jiƙe masa riga. Ta ce, "Haba malam! In ɗauki tumatir cikin wannan rana ya ruɓe mini a hanya? Ai gari za mu, ba daji ba. Inda mutane ke zaune ai ba a rasa abin saye."

Souleyman ya dube ta ta madubi, ya girgiza kai, ya tada mota. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Allah shi kai mu lahiya."

'Yar Damagaram ce gaba da baya, ungozomar asibiti, an turo ta aiki Tebaram. Mijinta Idris malamin makaranta ne, ya tsaya can sai an yi hutu. A unguwarsu kuwa ko gishiri ya ƙare mata tana tsakiyar miya, taku kaɗan ne zuwa kanti. Mai burodi ya wuce, mai ayaba ta wuce, mai kifi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mace ce da ba ta taɓa roƙon maƙwabciya ko barkono ba, kuma tana alfahari da haka. Takan ce ita in tana son abu, kuɗinta za ta sa ta saya, ba ta son wani ya yi mata gori.

Washegarin saukarta ta ci ado, ta goya Faisal, ta ɗauki kwando. Ta sami mai gidan da aka kama mata haya, wata tsohuwa mai suna Habi, tana sussukar gero a tsakar gida.

"Inna, ina kwana? Ta ina kasuwa take?"

Habi ta nuna mata da haɓa. "Ki miƙe gabas, ga ta nan bayan rijiya."

Ta miƙe gabas. Ta wuce rijiya. Sai ta ja ta tsaya, baki buɗe. Rumfuna ne jere, na kara da na kwano, babu kowa a ciki. Awaki ne kwance a inuwa suna tuƙa, wani jaki yana shinshinar ɓawon albasa. Ko mai ƙosai babu! Ta zagaya ta bayan rumfunan, wai ko ba nan ba ce. Nan ce.

Ta dawo gida kwando fayau. "Inna, mutuwa aka yi a garin nan? Babu kowa a kasuwa!"

Habi ta ajiye taɓarya, ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wace mutuwa, ɗiyata? Kasuwa ai shekaranjiya ta ci. Sai wani mako kuma, in Allah ya kai mu."

"Mako? Sau ɗaya a mako?"

"To sau nawa kike so? Mutane ba su da aikin yi?"

Innalillahi! Mardiya ta zauna a kan turmi. Motar Tawa ma, Habi ta ce, sai ranar kasuwa take samuwa. A duk unguwar mai tebur ɗaya ne, Almustafa, shi ma ganyen shayi ne da sukari, da taliya, da magi, da sabulu, da batir, sai madarar gari a 'yan ledoji da rana ta gama dafawa.

Da Habi ta ga baƙuwar tata ta kusa kuka, sai ta tausaya. Ta ɗauki mayafi ta ja ta gida-gida. Ashe kasuwar garin a bayan katanga take! Gidan Hasiya man gyaɗa da ƙuli. Gidan da ke kallon masallaci daddawa da kuka. Can gaba busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Wani gidan fura, wani gidan gero da mudu. Babu allo, babu alama, sai ka yi sallama ka shiga, a shimfiɗa maka tabarma, a tambayi mutanen gida, kafin a zo maganar ciniki. Mardiya ta riƙa bin ta tana mamaki, ta kuma ɗauki darasi guda ta riƙe gam: a garin nan kowane gida da abin da yake sayarwa.

Ita dai ta iya haƙuri da miyar kuka. Faisal ne ya ƙi. Yaron da ya saba da burodi da ayaba da madarar kanti, ga zafin bazara, ga canjin ruwa, sai zawo ya kama shi. Zawon ya tsaya, amma baki ya rufe. Tuwo, ya kau da kai. Kunu, ya tofar. Madarar gari ta teburin Almustafa, ya yi amai. Har abincin tamowa na leda da suke ba yara a asibiti ta ɗanɗana masa a ɓoye, kunya kamar ta kashe ta, shi ma ya ture. Ita kuwa ta san abin da take gani. Kullum da hannunta take zagaya igiyar awo a damtsen 'ya'yan mutane, ta san inda kore ya ƙare, ta san inda ja ya fara. Da ta gwada a damtsen ɗanta, sai ta ga ya fita daga kore. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, ta ce a ranta yaron nan zai mutu mata a garin da ko ayaba babu.

Ana cikin haka, wata safiya, aka yi sallama. Wata doguwar mata ce cikin baƙin mayafi, shuni ya rine mata yatsu, tana riƙe da ƙaramin akushi an rufe da faifai. Tanna ke nan, maƙwabciyarta ta bayan darni. Mutanenta Abzinawa ne, makiyaya, fari ya cinye musu yawancin dabbobi suka shigo gari da 'yan awakin da suka rage. Hausarta ba ta da yawa. Ta ajiye akushin, ta nuna Faisal, ta ce, "Yaro na kuka. Muna ji." Ta juya ta tafi.

Madarar akuya ce, da ɗuminta. Mardiya ta tafasa, ta bar ta ta huce, ta kai masa baki ba tare da wani sa rai ba. Sai ga Faisal ya kama kofi da hannu biyu! Ya sha, ya sha, ya ɗago yana haki, ya ce, "Ƙara." Mardiya ta fashe da kuka. Da yamma har ɗan kunu ya karɓa da ta zuba masa sauran madarar a ciki.

Kashegari akushi ya sake zuwa. Washegari ma haka. Yaro ya fara zama, ya fara bin kaji da ido. To, a nan ne fa Mardiya ta yi ta. Ta ce a ranta, ato, gidan Hasiya mai, gidan Tanna madara. Ita ba za ta riƙa shan kayan mutane a banza ba, su ga matar gwamnati ta zo tana cin talakawa. Ta wanke akushi tas, ta zuba kuɗi a ciki, ta rufe da faifai, ta miƙa ta kan darni tana sauri za ta aiki. Har daɗi take ji, wai ta fita kunya.

Da gari ya waye, shiru. Ta jira har rana ta ɗaga, ba sallama. Faisal ya riƙa nuna ƙofa yana kuka.

Ka san abin da ta yi? Wai kuɗin ne suka yi kaɗan! Ta ce lalle ta raina wa matar farashi, bazara ce, madara na tsada. Ta ɗauko takardar kuɗi sabuwa fil, ta naɗe, ta sa a kofi ta ajiye a kan darnin. Da ta dawo daga aiki ta tarar da kofin a ƙofar ɗakinta, ga takardar, ga tsabar farko duka an ƙulle a tsumma. Ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ranta ya ɓaci. Yaro ya koma gidan jiya, kwance yake yini, idanu sun faɗa. Ta leƙa ta kafar darni, sai ta hango abin da ya ƙara tunzura ta. A kan rumfar Tanna an shimfiɗa 'yar tabarma, an shanya cuku, farare, sirara. Kowace safiya in ta leƙa sai ta ga an ƙara ɗaya. Ta ciji yatsa. Wato madara na nan, har ta yi yawan da za a yi cuku da ita, amma a hana ɗanta! Wace irin zuciya ce wannan?

Ta je wa Habi a fusace. "Inna, matar nan nawa take so ne? Ta faɗi kuɗinta mana! Na ba ta, ta mayar. Na ƙara, ta mayar. Yarona yana mutuwa tana shanya cuku!"

Habi tana tankaɗe. Rariya ta suɓuce daga hannunta. "Kinka ba wa? Mi kinka ba ta?"

"Kuɗin madara."

"La'ilaha illallahu!" Habi ta dafe ƙirji. "Cikin akushinta? Kuɗi? Ke ɗiyar nan! Wa ya aike ki?"

"Ba ke kika ce kowane gida da abin sayarwarsa ba?"

"Ni na kai ki gidan Tanna? Na kai ki? Mutanen ga ba su saida madarar da sunka tatsa su ba maƙwabci! Ko yunwa za ta kashe su. Gidansu Tanna tun kakanni ba a taɓa yi ba. Akuya biyu gare ta masu nono, biyu tak, ga jikoki. Ta raba ta ba ɗanki don ta ɗauke shi nata. Ke kuma kin ce mata ita 'yar talla ta, ba uwa ba. Har sau biyu! Wayyo ni Habi, a gidana!"

Mardiya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Can ta ce, a hankali, "To in saya mata sukari da shayi wajen Almustafa in kai?"

"Ke dai ba ki jin magana! Saye, saye, saye! Ba abin da za ki kai. Ki tai hannu sake."

Hannu sake. Wannan ne ya fi mata wuya. Ita da ko barkono ba ta taɓa roƙa ba! Ta shiga ɗaki ta tsaya a kan ɗanta. Numfashi yake sama-sama, leɓɓansa sun bushe. Ta ɗauki jakarta bisa sabo, ta kai har ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta jefar da ita kan gado. Ta sungumi yaron ta fita.

Tanna na zaune a inuwar rumfa tana gyaran wata jakar fata. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Mardiya ta durƙusa a kan rairayi mai zafi, ita da ake ce wa Madam a asibiti.

"Inna Tanna," ta ce, hawaye na zuba, "ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ban zo saye ba. Ba ni da komai a hannuna. Ɗana yunwa yake ji."

Sai a lokacin Tanna ta ɗago. Ba Mardiya ta duba ba, yaron ta duba, fuskarta ta canza nan take. Ta yar da jakar fatar, ta karɓe shi, ta shafa damtsensa da yatsunta masu shuni, ta yi wata magana da harshensu mai kama da salati. Ta juyo da faɗa. "Don mi kin daɗe? Don mi? Ni ina jira, ina jira, ke ba ki zo!"

Ta miƙe da yaron a kafaɗa, ta kama akuya ta tatsa, ta ɗora a wuta da kanta, ta fifita har ta huce. Faisal ya kama akushin nan da hannu biyu. Babu abin da ake ji a gidan sai ƙarar haɗiyarsa.

Da ya ƙoshi ya lafe a ƙirjinta, Tanna ta miƙa hannu saman rumfa ta sauko da 'yar tabarmar nan. Ta tattara cukun duka, ta ajiye a cinyar Mardiya.

Mardiya ta ja baya. "A'a, Inna, wannan ai na jikokinki ne."

"Nashi na," in ji Tanna. "Kullum sahe ina tatsa, ina aje rabonai. Ba ki zo ba. Madara ba ta jira, sai in yi cuku." Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. "Wanga na ranar da kin sa kuɗi cikin kofi. Wanga na gobenta. Wanga na yau. Yara sun yi kuka suna so, na ce a'a, na ƙanenku na."

Mardiya ta dubi cukun nan da ta yi kwanaki tana leƙe ta kafar darni tana tsine wa mai shi a zuci. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Tanna ta gyara wa Faisal kwanciya a kafaɗarta, ta ce, "Gobe ki kawo shi da sahe. Kar ki kawo kofi, akwai akushi."