Arzika Ya Ƙi Ɗaukar Kalme

Haliru ya jefa kalme, fartanyar noma, a gaban ƙanensa, ƙasa ta fantsama kan tabarma.

"Ɗauki, Arzika. Mutanen Mandera sun zaka gayya gonata, kai kuwa kana zaune kamar mai jego?"

Arzika bai ko dubi kalmen ba. Ba a tilasta masa zuwa ba. Shi ya sa matarsa Tani ta shimfiɗa masa tabarma a bakin gonar albasar, inda kowa zai gan shi, don ya gaji da ɓuya a ɗaki kamar ɓarawo.

Mutumin da a da shi ke kan gaba a kowace gayya, tun damina cinyoyinsa da kafaɗunsa suka soma mutuwa. Tashi daga sujada ya zame masa aiki. Ba zazzaɓi, ba rauni, abinci kuma yana ci sarai, to me gari zai ce? Aka ce lalaci ne ya zo masa da girma. Wannan kalma ta fi ciwon cin ransa.

Likita a Sakkwato ta ce tana zargin naman jikinsa ne ke kumburi, amma gwaje-gwajen ba su yanke magana ba. Sai ta tura shi wani asibiti mai nisa. Jibi za a yi masa allurar wani sukari mai ɗan sinadarin nukiliya, na'ura ta ɗauki hotonsa daga kai har ƙafa. Naman da ke kumburi ya fi shan sukarin, sai ya haska a hoton. Sai dai naman da ya sha aiki ma haka yake haskawa, saboda haka ta ja masa kunne: ya kuskura ya yi aikin ƙarfi kafin ranar, hoton ya ɓaci.

"Yaya, na gaya maka abin da likita tac ce."

"Likita! Ita ka ci da kai? Kunya ɗaya dai ka yi, ka hid da mu kunya."

Makaɗin gayya, wanda ba ya barin dama ta wuce, ya matso da gangarsa yana zambon raggo mai hannun biredi. Samari suka kwashe da dariya. Jinin Arzika ya tafasa. Wallahi zai iya jan kunya ɗaya ko da rarrafe, ya toshe bakinsu na yini guda. Yatsunsa har sun taɓa ƙotar kalmen. Sai ya tura shi gefe da ƙafa.

"Kaɗa da ƙarhi!" ya ce wa makaɗin. "Yau zama na zaka yi, kuma ba mai tashe ni. In hoton ga yan nuna ba komi, ni da kaina zan kira ka ka yi mini waƙa."

Haka ya zauna, kai a sama, har aka kira azahar. Mutane suka nufi rijiya alwala. Arzika ya dafa ƙasa, ya yunƙura, ya koma. Wata da watanni yana jiran kowa ya watse kafin ya yi wannan kokawar. Yau bai jira ba. Ya miƙa hannu a gaban jama'a.

"Yaya, kama ni."

Haliru ya cafki damtsensa da fushi, ya ja. Yatsunsa suka zagaye damtsen har suka haɗu, ba abin da ya tare su sai ƙashi. Ya tsayar da ƙanensa, amma bai sake shi ba.

Makaɗin ya sake ɗaga sandar kiɗa.

"Kai, aje gangar ga," in ji Haliru.