Baran Gonar Wesselkamp

Shekara goma sha ɗaya Reinhild ta kwashe tana bin sunan gidansu, Wesselkamp, a tsofaffin littattafan coci, har idonta ya fara gazawa. Limaman da kuwa kowa ya rubuta yadda ransa ya so, wani ma ya haɗiye rabin sunan kamar mai jin yunwa. Duk ta jure, domin ta yi wa mahaifinta, tsoho Alfons, alkawarin littafin zuriyarsu ranar da zai cika shekara casa'in. Ranar kuwa Lahadi ce mai zuwa.

Ranar Laraba ta je ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a birnin Münster don ta cike gurbi ɗaya da ya rage mata, na shekarar 1794. Ma'aikacin wurin, wani dattijo mai suna Tenhagen, ya bi shafin da yatsa ya karanta mata. Magajin gonar Wesselkamp ya mutu bai bar ɗa ba. Matarsa ta auri baransu, shi kuma ya ɗauki sunan gonar, kamar yadda duk mai shiga gona ta hanyar aure yake yi a ƙasar nan a wancan zamani. Ita ma ta rasu ba haihuwa, baran ya sake aure, daga nan su Reinhild suka fito.

"To mutanen da na bi baya har shekara ɗari biyu kafin shi baran fa?"

"Ba naku ba ne, baiwar Allah. Sunan na gona ne, ku kun tarar da shi."

Ko ƙarfin yin fushi ba ta da shi. Gajiya ce kawai ta sauko mata, ta tattara takardunta ta kama jirgin ƙasa.

Ranar Lahadi a gidan tsofaffi, bayan an yanka kek an zuba kofi, ta zauna kusa da mahaifinta ta wajen kunnensa mai ji ta gaya masa komai. Ta zaci zai karaya. Sai tsohon ya tambaye ta shi baran ɗan waye. Ta ce ba a rubuta ba, Baba.

"To nemo mini uban nasa, 'yar nan. Ina nan, ba inda za ni."

Reinhild ta tallafa masa kofin da ke hannunsa, ta ce to.