Baba Yajiki

"Wannan wando ne ko buhun gawayi?" in ji Kafinta. Yana tsaye a tsakiyar shagon Tela, ya riƙe ƙugun wandon da hannu biyu don kada ya zame.

Matar Tela ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shagon da gida. "Haba Kafinta, ka ji tsoron Allah! Jiya fa aka yi masa wankin ƙoda."

"Ƙyale shi," in ji Tela, yana dariya har da tari. "Tumbinsa ne ya sace, awona ba ya ƙarya. Cire ka ajiye, jibi ka dawo."

Shekara tara Tela yana fama da ciwon ƙoda, amma ciwon bai gajiyar da shi kamar sannun mutane ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya rage murya, ya langaɓar da kai, ya ce, "Ya jiki?" Har yaran layin suka ɗauka sunansa ke nan, suna kiransa Baba Yajiki. Ɗinki kuwa aka daina kawo masa, wai kada a wahalar da shi. Kafinta ma, da katanga ɗaya ta raba su, ya bi sahu. Ranar da ya fito da sabuwar riga ɗinkin wani, Tela ya kama gefenta, ya duba kalmasar, ya ce, "Maƙwabci, ashe har da kai a masu binne ni da raina."

Kunya ta hana Kafinta cin abinci ranar. Washegari ya kai yadi, kuma ya rantse bakinsa ba zai ƙara tambayar Tela jiki ba. Sai ya zama mai ƙorafin da babu irinsa: aljihu ya yi kaɗan, maɓalli ya karkace, zare ba kalar yadi ba ne. Tela ya rama da cewa bencin da Kafinta ya yi masa rawa yake kamar haƙorin tsohuwa. Masu jin hayaniyar suka fara dawo da ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya, shago ya sake cika da ƙyallaye da musu. Har ƙiba Tela ya yi a fuska.

Wandon nan dai bai samu gyara a jibin ba, domin a satin jiki ya tsananta, Tela ya kwanta. Da Kafinta ya shiga ɗakin ya ga ƙafafun sun kumbura, fuskar ta faɗa. "Ya jiki" ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta da ƙyar, ya haɗe rai.

"Malam, ina wandona?"

Tela ya buɗe ido, murmushi ya bazu a fuskarsa. "Jibi."

"Jibin mutane ko jibin teloli?"

"Kai dai ka dawo jibi, sarkin mita."

Matar ta fashe da dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Washegari da hantsi Tela ya cika.

Kwana ɗaya bayan rasuwar, matar ta aika a kira Kafinta shago, ta miƙa masa leda. "Ya ce yau ne jibi. A kwance ya yi shi, da allurar hannu. Na hana shi, ya ce in bar shi da kwastomansa."

Kafinta ya shiga bayan labule ya saka. Ɗinkin ya tafi a karkace, wani wurin manya, wani wurin ƙanana. Kuma wannan karon an rage ƙugun har ya wuce misali, maɓalli ya ƙi kaiwa.

"Kai, wannan ai ya matse!" ya faɗa da ƙarfi, ya juya wajen keken ɗinkin Tela. An lulluɓe shi da zane.

Kafinta ya sake kama maɓallin. Sannan ya ja numfashi, ya shigar da ciki, maɓallin ya shiga. Haka ya fito layi, yana takawa a hankali don kada zaren ya tsinke.