Sakatar Sama

Ranar da aka kashe Auta, mahaifinta ya fita sayen sakata ne.

Kwanaki kafin nan ta iso gidansa da goyo a baya, leɓe a fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf. Ba wannan ne karon farko ba. Mijinta direba ne, in ya haɗiyi ƙwayoyinsa ba ya bambance mace da taya. A da, tsohon kan zaunar da ita ya karanto mata falalar haƙuri, sannan ya tare mata mota ta koma. Tsohon malamin makaranta ne, ya iya tsara zance. Matarsa ce mai cewa ba inda yarinya za ta, ita kuwa ƙasa ta rufe ta.

Wannan karon bai tare mata mota ba. Jikansa ya tsura wa ido, ɗan shekara biyu, wanda ko cokali ya faɗi sai ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa.

Tsohon ya jawo wani katako a bayan ɗaki don ya haɗa wa yaron abin wasa, ya goge shi har ya yi santsi. Ya kafa masa makunnin fitila, da zik ɗin tsohuwar jaka, da ƙararrawar keke, da murfin kwalba mai murɗawa. Duk ƙusar da ta leƙo ya lanƙwashe bakinta. Saura gurbi ɗaya a tsakiya. Ya dubi ƙofar gida mai sakata biyu, ta sama da ta ƙasa, ya kwance ta saman.

"Baba, ƙofar gidan za ka kwashe saboda wannan ƙazamin?" in ji Auta.

"Ina ruwanki? Tsakanina da abokina ne. Gobe na sayo wata."

Yaron ya fi son sakatar a kan komai. "Ja nan, sarkin ɓarna," in ji kakan. "Yauwa! Ta buɗe!" Sai su tafa tare. A nan ne tsohon ya fara jin dariyar jikansa.

Goben kuwa ta yi ta zama gobe.

* * *

Ran nan da hantsi tsohon ya sa hula zai fita sayen sakatar. Auta na wanki a bayan gida.

"Baba, yaushe zan koma?"

"Bari in dawo, akwai maganar da za mu yi. Zo ki sa sakata."

Maƙwabciya ce ta ba shi sauran labarin, ita da ta gani ta taga. Direban bai buga ƙofa ba. Tsugunawa ya yi, ƙarfen kwance taya a hannunsa, ya sa baki a jikin ƙofar.

"Yarona, Abba ne. Buɗe wa Abba."

Yaron ya ja sakatar ƙasa, ya tafa.

Bugun farko ya karya hannun da Auta ta kare kanta da shi. Na biyu ya same ta a ƙeya, ta kifa cikin bahon wanki. Bai tsaya ba. Duk layin an ji ihunta, aka kuma ji lokacin da ya yanke. Kowa ya ce sha'anin miji da mata ne, ba a shiga.

* * *

Sai da tsohon ya dawo ya tarar da maƙwabta cike da gidan, yanzu kam an shigo. Ruwan kumfa ja ya gangaro har bakin ƙofa. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Ya san kalmar. Shi ya koyar da ita a gidan nan.

A ƙarƙashin tebur ya sami yaron, rungume da katakonsa. Yana jan sakatar, yana tafawa, yana bin fuskoki da kallo ko wani zai ce masa yauwa.

Tsohon ya zauna a ƙasa. Sabuwar sakata na aljihunsa, a nannaɗe cikin takarda. Maganar da ya yi ta maimaitawa a hanya ita ma tana nan, gajeriya ce ƙwarai: Auta, ki zauna. Ba inda za ki koma.